Yadda Ake Raba NAS Da Tsara Wanda Zai Shiga Ciki

NAS na'urar ajiya ce da ake jonawa da rauta, kwamfutocin ofis su riƙa adana fayil a cikinta. A Synology, idan ka haɗa faifai biyu masu 4TB a tsarin RAID 1, 4TB kacal za ka samu, amma in ɗaya ya mutu, ɗayan yana riƙe da komai.

Daga nan ka buɗe folda daban-daban: ta kuɗi, ta ma'aikata, ta kowa. Kowane mutum ka ba shi asusunsa da izini ɗaya: karantawa kawai, karantawa da rubutawa, ko hana shiga. Hana shiga yana rinjayar sauran biyun.

Kada ka raba wa mutane asusun admin. Duk fayil ɗin da aka goge, RAID 1 zai goge shi a faifan biyu.