Bindiga Ma Tana Harbi Ta Baya Kamar Jaki

Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a cikinmu ya ga yadda hannun ɗan bindiga yake fizgewa baya da zarar ya ɗana kunama. Mu da farko mun ɗauka firgita yake yi. Ashe bindigar ce take tunkuɗa shi.

Dalilin yana cikin darasinmu na kimiyya. A shekarar 1687 Isaac Newton na Ingila ya bayyana cewa duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka. Idan albarushi ya kama wuta, iska mai zafi tana ingiza harsashi gaba, ita kuma bindigar sai ta daki kafaɗar mai ita. Matsalar ba ciwon kafaɗa kaɗai ba ne. Maharbin da ya sha wannan duka yakan fara runtse ido tun kafin ya harba, sai saitinsa ya goce. Dabbar da ya kamata ta faɗi nan take sai ta gudu da rauni, ta je ta mutu a wahalce cikin daji.

Shi ya sa wasu mafarauta a Amurka da Turai suke ɗaura wa bakin bindiga wani ɗan ƙarfe mai ramuka a gefe, wanda za mu iya kira birkin baki. Maimakon iskar ta fita gaba duka, sai ramukan su karkatar da ita hagu da dama, dukan ya ragu sosai. Amma fa kunne ne yake biyan kuɗin. Ƙarar bindigar farauta tana wuce desibel 140, kuma harbi ɗaya tak a wannan ƙarfi yana iya lalata ji har abada. Birkin yana ƙara watso ƙarar gefe, don haka abokin da ke tsaye kusa ya fi mai harbin shan wahala. A ganinmu, wanda ba zai toshe kunnensa ba gara ya haƙura da birkin.

Kunama ma iri-iri ce. Akwai wadda ana matsa ta sai ta tashi. Akwai mai hawa biyu: za ta ɗan tafi sako-sako, ta tsaya, sai an ƙara matsawa sannan ta saki. Masu harbin gasa suna son mai laushi ƙwarai, amma mafarauci yana tafiya cikin ƙaya da duwatsu, wani lokaci da safar hannu saboda sanyi, kuma kunama mai laushi tana iya tashi da ɗan taɓi kaɗan. Saboda haka yawancinsu suna zaɓar wadda sai yatsa ya ɗan yi aiki.

A Najeriya dai dokar bindigogi ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba tare da lasisi ba.