Yadda kimiyya ke neman sauƙaƙa farashin magungunan sankara

Wasu daga cikin magunguna mafiya tsada a duniya, kamar trastuzumab na sankarar mama da allurar ƙarin jini ta masu ciwon ƙoda, rayayyun ƙwayoyin halitta ne ke samar da su. Furotin ne masu sarƙaƙiyar gini, ɗauke da sarƙoƙin sukari da bakteriya ba ta iya ɗora musu yadda jikin ɗan Adam zai karɓa. Shi ya sa masana'antu suka dogara da ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa.

Waɗanda aka fi amfani da su su ne ƙwayoyin CHO, da masanin nan na Amurka Theodore Puck ya ciro daga jakar ƙwan wani ɗan ɓera na ƙasar Sin a 1957. A 1987 aka amince da maganin farko da aka samar da su, mai narkar da gudan jini. Ana renon su a manyan tankunan ƙarfe, kuma yawan abin da kowace lita ta bayar yana tasiri ga kuɗin samar da maganin.

Shekaru da dama, gwaji da dace ne hanyar zaɓar ƙwayar da ta fi albarka. Fannin da ake kira omiks ya sauya haka: ana karanta dukkan ƙwayoyin gado, ana auna waɗanda ke aiki, ana ƙirga furotin da sinadaran da ƙwayar ke ci ko fitarwa. An wallafa taswirar gadon CHO a 2011, sannan a 2016 aka haɗa bayanan cikin samfurin kwamfuta da ke kwaikwayon yadda ƙwayar ke sarrafa abinci.

Da wannan ake gano inda aiki ke tsaiko. Misali, ƙwayar da ta sha sukari fiye da ƙima tana tara asid ɗin laktik da ke hana ta girma. Sai a daidaita abincinta ko a gyara gadonta. Kashe ƙwayar gadon FUT8 kuwa yana ƙara wa maganin ƙarfin kiran garkuwar jiki ta afka wa sankara.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance kwatankwacin trastuzumab na farko mai rahusa. Ƙarin yabanya daga tanki ɗaya na cikin hanyoyin da za su kusantar da irin waɗannan magunguna ga iyalan da ke biyan kuɗin asibiti daga aljihunsu.