Shin Ko Kun San? Kotunan Jiha da Tulin Ƙararraki

Shin ko kun san cewa gwamna ne ke naɗa alƙalin Babbar Kotun Jiha a Najeriya, amma ba shi ke biyansa albashi ba? Majalisar kula da harkokin shari'a ta ƙasa, NJC, ita ke ba da shawarar naɗin, kuma ta hannunta albashin ke fitowa daga baitulmalin tarayya. Majistare da alƙalan ƙananan kotunan shari'ar Musulunci kuwa, jiha ce ke ɗaukarsu, ita ke biyansu. Ga shi su ne ke fama da mafi yawan ƙararraki: gado, bashi, saki, rikicin haya.

Ko kun san sashe na 294 na tsarin mulkin 1999 ya ba alƙali kwana 90 ya yanke hukunci bayan lauyoyi sun kammala jawabinsu na ƙarshe? Sai dai wa'adin bai taɓa shekarun da ake kwashewa kafin a iso nan ba, can kuwa gizo ke saƙar. Har yau alƙalai da yawa da hannu suke rubuta abin da shaidu suka faɗa, sai mai ba da shaida ya dakata, alƙalami ya cim masa. Idan kuma aka ƙara wa alƙali girma ko ya yi ritaya ana tsakiyar shari'a, sai a koma farko, a sake kiran shaidu, in suna raye.

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba.

A Afrilun 2021 ma'aikatan kotu na ƙungiyar JUSUN suka garƙame kotuna sama da wata biyu, suna neman gwamnoni su sakar wa ɓangaren shari'a kuɗinsa. Umarnin da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2020 kan wannan batu, Kotun Ƙoli ta soke shi a 2022.

A 2023 aka ɗaga shekarun ritayar alƙalan Babbar Kotu daga 65 zuwa 70. A shekarar ne kuma Mai Shari'a Dije Aboki ta zama Babbar Jojin Kano.

Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi sahu a 2019. An tsara su don bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, a gama cikin kwana 60, kuma ɗan kasuwa na iya tsayawa da kansa ba lauya.