Daga dutsen niƙa zuwa kantar kicin: Yadda ake kula da giranit kada kuɗin ci-rani ya tafi a banza

A Urafane, arewa da Tasawa a jihar Maradi, dutse ba abin da ake tsinta a bakin hanya ba ne. Ƙasar rairayi ce da jigawa, tun daga nan har Mayahi. Kafin mutum ya ga giranit a sarari, wato dutsen nan mai tauri mai ɗigo-ɗigo, sai ya nausa gabas zuwa Damagaram da Gure, ko kudu wajen Ɗan Isa, kusa da iyakar Najeriya. Shi ya sa a wannan yanki dutsen niƙa kaya ne da ake sayowa daga nesa, a adana, uwa ta bar wa 'ya.

Injin niƙa ya rage wa wannan dutse aiki, amma giranit ya dawo ta wata ƙofa. Matasan da ke neman kuɗi a Kano, Legas, Aljeriya ko Libiya, idan sun tashi gina gida a Maradi ko Tasawa, wasu na son irin kicin ɗin da suka gani a can: kanta mai sheƙi da aka shimfiɗa wa fallen dutse. Kaya ne mai tsada da nauyi, domin murabba'in mita ɗaya mai kaurin santimita 3 ya kai kusan kilo 80.

Dutse ɗaya, kulawa biyu

Tsofaffi sun san cewa idan dutsen niƙa ya yi sulɓi ya daina cin hatsi, sai a sa makoɗi a koɗa shi ya sake yin kaushi. Kantar kicin kuwa akasin haka take so. Darajarta a sulɓinta take, kuma duk abin da zai kankare ta abokin gaba ne.

Duk taurinsa, giranit na da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Don haka masu aikinsa ke shafa masa wani ruwa da ke toshe su. Muddin shafen na nan, abin da ya zube a sama yake tsayawa. Da ya zaizaye, manja da man gyaɗa da zoɓo sai su nutse cikin dutsen su bar tabo.

Abin da ke cinye shafen

Ruwan lemon tsami, ruwan khal da jiƙon tsamiya suna da tsami, kuma yawan goge kanta da su na cinye shafen. Haka ma ruwan kanwa da jabel, wanda a Najeriya aka fi sani da Hypo. Soson ƙarfe, da toka ko yashin da ake dirje tukunya da su, suna dusashe sheƙin.

Akwai kuma ƙurar hunturu. A cikinta akwai ɓarɓashin yashi mai tauri daidai da na dutsen, don haka goge ta da busasshen tsumma kamar dirje kantar ne a hankali. A jiƙa tsumman tukuna.

Wankin yau da kullum bai wuce ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke da tsumma mai laushi ba, sannan a tsane da wani busasshe. Abin da ya zube a ɗauke shi nan take. Yanka a yi shi a kan katako, domin dutsen na dakushe wuƙa. Turmin dakan yaji kuma ya zauna a ƙasa: bugu na iya tsaga fallen, musamman a gefe da wajen ramin wanke-wanke.

Idan mai ya riga ya shiga, a kwaɓa bekin soda da ruwa ya yi kauri, a shafa a kan tabon, a rufe da leda ya kwana ɗaya ko biyu, sannan a wanke. Wani tabon sai an maimaita.

Gwaje-gwaje biyu

Don sanin ko shafen na nan, a ɗiga ruwa a kan kantar a bar shi kamar minti 15. Idan ya tsaya a dunƙule, lafiya lau. Idan wurin ya yi duhu, dutsen ya sha ruwa, lokacin sabon shafe ya yi.

Gwaji na biyu na mai saye ne, musamman wanda ke nesa yana aiko kuɗi. Marmara na kama da giranit, amma tsami na cin ta. A nemi guntun dutsen a ɗiga masa lemon tsami. Idan wurin ya dushe, bai dace da kicin ba, komai kyansa a hoton WhatsApp.

Huhun mai yanka

Babban hatsarin yana kan matasan da ke yankawa da goge dutsen. Ƙurar da ke tashi idan aka yanka shi a bushe na ɗauke da silika, mai haddasa ciwon huhu da ake kira silikosis, wanda ba ya warkewa. Dutsen haɗi na masana'anta ya fi giranit yawan silika, wani ya haura kashi 90 cikin 100. Saboda ma'aikatan da suka kamu, Ostireliya ta haramta shi daga 1 ga Yulin 2024.

Yanka da ruwa na rage ƙurar sosai, tare da takunkumin da aka yi don aikin, domin rawani ko ƙyalle ba sa tare ta. Mai gidan da ya biya kuɗin dutse na da ikon cewa kada a yanka masa shi a bushe.