Langar da Ke Ƙetare Kogin Kaduna

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Shirinmu na musamman na yau zai tashi daga Rigasa, a ƙaramar hukumar Igabi, ya ƙetare kogin Kaduna, ya shiga wani gida na mabiya addinin Kirista a makon Kirsimeti. Jagorarmu a tafiyar wata tsohuwar langa ce mai zanen jan fure, wadda bakinta ya ɗan ɓantare.

Tun ina ɗan firamare na san langar nan. A layinmu a Rigasa, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Maigidan malamin makaranta ne, mutumin Zonkwa, muna ce masa Baba Malam. Uwargidan kuwa, yaro da babba a layin Mama suke ce mata. Ba zan kama suna ba. Ranar 25 ga Disamba, da an taso daga coci wajen azahar, sai ka ji sallamar 'yarsu a zaure, langa a ka, an ɗaure ta da farin ƙyalle: dafa-duka ce, cinyar kaza biyu a sama, ga cincin a gefe. Mu yara tun safe kunnenmu na bakin ƙofa. Kazar kuma babu mai tambayar yadda aka yanka ta, domin tun da jijjifi Baba Malam ya riƙo ta, ya yi sallama da mahaifinmu, ya ce, "Malam, a taimaka a yanka mana." Babu wanda ya ɗora masa wannan. Shi dai burinsa in abinci ya fita daga gidansa, kowa a layin ya ci ba ɗar-ɗar.

Sai Litinin, 21 ga Fabrairun 2000. Rikici ya ɓarke a garin Kaduna a kan batun shari'a, ya lafa, ya sake tashi a watan Mayu. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 2,000 suka rasa rayukansu. Ranar 22 ga Agustan 2002, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, shugabannin addini 22 daga ɓangarorin biyu suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Wata uku bayan nan rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ci wasu rayukan kimanin 250. A tsakanin waɗannan shekaru garin ya tsage gida biyu. Kiristocin Rigasa da Tudun Wada suka kwashe zuwa Sabon Tasha, Narayi, Unguwar Romi da Gonin Gora. Musulmin can suka yo nan. Wasu sun sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu musaya suka yi, gida da gida. Su Mama kwana biyu suka yi a ƙuryar ɗakin Innarmu kafin a samu hanyar kai su bariki. Tun daga ranar ba su sake kwana a Rigasa ba.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu suna Unguwar Romi, gida mai ɗaki uku da bishiyar gwaiba a tsakar gida. A gidan nan tun watan Janairu Kirsimeti ke somawa, ranar da Mama ta zuba adashen farko, ta roƙi uwar adashe a bar mata ɗaukar Nuwamba. Da kuɗin sun shigo hannu sai rabo: na shinkafa, na man gyaɗa, na atamfar anko, da na watanda. Saniya guda ta fi ƙarfin gida ɗaya, don haka magidanta goma ko sha biyu na cocinsu ke haɗa kuɗi, a tura mutum biyu Zangon Tudun Wada su yi ciniki, mahauci ya yanka ya feɗe, a kasa nama kashi-kashi a kan buhu, kowa ya ɗauki nasa. Ɗinkin jikoki kuwa har gobe tsohon telanta na Kasuwar Barci take kai wa, wanda ya ɗinka wa iyayensu. Ku lura da wannan, masu sauraro: mai sayar da saniyar, da mahaucin, da telan, duk Musulmi ne, kuma Disamba kakarsu ce. Kasuwa ba ta taɓa rabuwa ba. Wurin kwana ne ya rabu.

Amma wanda ya tsaya a shinkafa da anko bai shiga gidan ba tukuna. Sai ka kwana a can. Ƙarfe biyar na asuba, hazo ya rufe gari, sanyi na ratsa bargo, za ka ji Mama ta ɗauko waƙa a hankali daga falo. Babu mai ƙwanƙwasa wa kowa ƙofa. Waƙar ce ke tashin gida. Ɗaya bayan ɗaya su fito, wannan da hular sanyi, wancan a naɗe da zani, ƙaramin cikinsu yana gyangyaɗi a cinyar kakarsa. Littafin Waƙoƙinta bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, da zare ta ɗinke shi, kuma ba ta ma duba shi, riƙewa kawai take yi.

Idon Baba Malam ya yi rauni, saboda haka jikarsa 'yar sakandare ce ke karatu. A wannan makon Bisharar Luka ake bi, babi na ɗaya da na biyu: albishir ga Maryamu, umarnin ƙidaya, tafiyarta da Yusufu zuwa Baitalami, rashin masauki, jariri a komin dabbobi, makiyaya a filin Allah cikin dare. Yarinyar da Turanci ta yi makaranta, karatun Hausa na yi mata tuntuɓe, tsohon kuma yana gyara mata da ka, ido a rufe. Na taɓa ganin ya dakatar da ita a kan maganar masauki. Bai yi wa'azi ba. Shiru ya yi na ɗan lokaci, Mama ta sunkuyar da kai, sannan ya ce a ci gaba. Manyan gidan sun san inda zuciyarsa ta tafi. Jikokin ba su sani ba.

Daga nan addu'a, kowa a durƙushe, fuska a kujera. Ana ambaton mutane da sunayensu: marar lafiya, mai neman aiki, ɗalibi mai jarrabawa, ɗan'uwan da ke hannun masu garkuwa da mutane, shugabannin ƙasa. Har yau kuma Mama ba ta rufe addu'a ba ta ambaci Innarmu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne harshen. Baba Malam Bajju ne, yana da yarensa, amma da Hausa yake roƙon Allah. Ubangiji, gafara, alheri, jinƙai, albarka, amin: ɗan Rigasa da zai tsaya a bayan taga babu kalmar da za ta shige masa duhu. Wannan yana da tarihi. Likita Walter Miller, ɗan mishan, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, aka kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Cocin HEKAN, mai hedikwata a nan Kaduna, sunanta ma Hausa ne, Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya. Asibitin Barau Dikko da mutanen Rigasa ke zuwa kullum, sunan likitan farko na Arewa yake ɗauke da shi, kuma Kirista ne. Haka Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Ina faɗin wannan ne saboda yaranmu da ke tasowa suna zaton Kirista baƙo ne a harshen Hausa.

(Sautin tulu da kacau-kacau)

Wannan kiɗan na matan Zumunta ne, ƙungiyar matan coci. Da la'asar suke haɗuwa a harabar coci suna gwajin waƙa, zani iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, mace ɗaya na bayarwa saura na amsawa, ana buga bakin tulu da tafin hannu yana ba da wata murya mai zurfi. Mama ta fi shekara 40 a cikinsu. Aikinsu ya wuce waƙa nesa. Su ke zuwa barka da ta'aziyya, su ke kwana da marar lafiya a asibiti, kuma kafin ranar 24 sai sun bi gwauraye da marayun ikilisiya da mudun shinkafa da kason nama, a asirce, yadda mai karɓa ba zai ji kunya ba.

Daren jajibiri ya canza. Da can matasa kan kwana suna zaga gidaje da waƙa da fitila. Tun bayan bam ɗin da ya tashi a cocin St. Theresa da ke Madalla ranar Kirsimetin 2011, da na cocin St. Rita a nan Kaduna a Oktoban 2012, coci-coci da dama sun jawo sujadar dare zuwa yamma, ana caje mutane a ƙofa, ana hana shiga da manyan jakunkuna. Zuwa ƙauye ma ya zama abin shawara. Rabin Unguwar Romi kan watse a wannan mako zuwa Kachia, Zonkwa, Kwoi da Kafanchan, wasu su tsaya har bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. A gidan su Mama sai an zauna an auna kuɗin mota da labarin hanya, sannan a yanke.

Ranar 25 kanta ba sai na daɗe a kanta ba. Wuta na ci a murhu tun kafin asuba, yara sun sha sabon ɗinki da kitso, coci ta cika har waje. Lokacin baiko layi-layi ake fita da rawa, tsofaffi ma sai sun taka. Da an taso yara su bazu yawon Kirsimeti gida-gida, ana ba su 'yan canji da alewa, kamar dai yawon Sallah.

Kafin kowa ya sa loma a gidan, Mama ke cika langar. Kazar an kai ta wurin mahauci Musulmi tun jiya. Wannan ƙa'ida ta Baba Malam ba ta canza ba. Ƙaramin ɗansu ke ɗauka a Keke Napep, ya haye gada, ya bi titin Nnamdi Azikiwe zuwa Bakin Ruwa, ya shiga Rigasa. Abin da da taku goma ne, yanzu mota biyu ce ko uku. A hanya yana cin karo da ɗaruruwan fasinjojin da jirgin ƙasan Abuja ke saukewa a tashar Rigasa, wadda aka buɗe a Yulin 2016. Da yawansu masu zuwa Kirsimeti ne, kuma daga tasha sai cikin mota, gilashi a rufe, har sai sun ƙetare kogi.

Na san a cikin masu saurarona akwai waɗanda ba sa cin abincin Kirsimeti, suna bin fatawar malamansu, akwai kuma masu ci, su ma da nasu malaman. Wannan shiri ba zauren fatawa ba ne. Abin da na gani da idona shi ne Innarmu da Mama ba su taɓa ɓoye wa juna saɓaninsu ba. Inna ta san Nana Maryam daga sura ta 19 a Alƙur'ani, surar da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta a gaban Najjashi, sarkin Habasha Kirista da ya ba Musulmin farko mafaka. A wurin Inna, Isa annabin Allah ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi. A wurin Mama, Yesu Almasihu Mai Ceto ne. Kowacce ta riƙe nata da gaske, ba ta sassauta ko kaɗan ba, kuma sun yi shekara 15 suna aron turmi da taɓarya.

Akwai masu ƙoƙarin ɗinke ɓarakar, kuma sun cancanci a ambace su. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda da suke gaba da juna, sun kafa cibiyar sasanci a Kaduna tun 1995. A Sabon Tasha, Musulmi kan je cocin Fasto Yohanna Buru duk Kirsimeti su taya murna. Ina yaba musu. Amma waɗannan taruka ne, ana sa rana, ana gayyata. Abin da muka rasa ba ya buƙatar gayyata: yaro ya faɗa gidan maƙwabta ya tarar ana addu'a, ya tsaya a bakin ƙofa shiru har a gama. Ni na tsaya a wannan ƙofar. 'Ya'yana da aka haifa a Rigasa bayan 2000 ba su taɓa ba, jikokin Mama kuma ba su taɓa ganin yadda ake shan ruwa da azumi a cikin gida ba. Abin da kowannensu ya sani game da ɗan'uwansa, a waya ya gani, ko a bakin mai tsoro ya ji. Wannan yana damuna ƙwarai.

Bara na roƙi Mama ta haɗo jikar nan mai karatu da ɗan aiken. Ta yi jim, ta dubi Baba Malam, sannan ta ce, "To, ɗana, amma su dawo kafin magariba." Yarinyar ta shigo zaurenmu a ɗarare, ta durƙusa ta gaida Inna. Inna ta kama hannunta, ta kai ta ƙuryar ɗaki, ta ce, "Nan uwarki ta kwana tana kamar ke." Daga nan aka buga wa Mama waya.

"Yaya, saƙo ya iso?"

"Ya iso, Mama. Barka da Kirsimeti. Allah ya maimaita mana."

"Amin, Yaya. A gaida Malam."

Yarinyar ta miƙa hannu za ta karɓi langar bayan an juye. Inna ta hana. Ta wanke ta da kanta, ta goge, ta kife ta a saman kabad kusa da kwanukan aurenta. Sai Babbar Sallah za ta koma Unguwar Romi, cike da soyayyen nama.

(Kiɗan rufe shiri)