Kujerar mota ta asali da lafiyar yaronki

A 1969 kamfanin Peugeot ya fitar da 504 mai buɗaɗɗen sama, ƙofa biyu, mazaunin mutum huɗu. 'Yar'uwarta mai layin kujeru uku, wadda aka harhaɗa a Kaduna, ita matafiyan Gwandu da Kalgo suka fi sani. A kowacce, kamfani ya ƙayyade yawan masu zama.

Yau sai a cusa fasinja biyu a gaba, masu ɗinkin kujera kuma su binne bel ƙarƙashin sabon yadi. In direba ya taka birki kwatsam, yaron da ke kan cinya ne ke fara bugun gilashi, don hannun uwa ba zai iya riƙe shi ba.

Uwargida, ki zaunar da shi a baya, ki lalubo bel, in da hali ki biya masa kujerarsa.