Rariyar Wasiƙu

Mun san wasiƙar gidan waya. Yanzu kuwa akwai wadda ba ta bukatar takarda ko kan sarki. Sunanta imel, ta intanet take tafiya.

A Dutse, wurare irin su Jami'ar Tarayya, wadda aka kafa a 2011, kullum suna samun imel da yawa. Amma ba duka ne na kirki ba. Waɗansu tallar banza ce. Waɗansu kuwa na 'yan damfara ne, masu neman lambar asirin banki. Saboda haka akan sa wa kwamfuta rariya, ta raba su kamar yadda muke tankaɗen gari. Tana duban inda wasiƙa ta fito, da maganar da ke ciki.

In ofis zai zaɓi rariya, sai ya lura da abu uku.

Na fari, idanunta. In sun yi faɗi, tsaki ya bi gari. In sun cika ƙanƙanta, ta tare wasiƙar kirki, wani ya rasa aiki. Don haka a zaɓi mai ajiye abin da ta tare a gefe, akawu ya duba.

Na biyu, a nemi wadda masu ita ke gyarawa kullum, gama ɓarawo yakan sake dabara.

Na uku, kuɗi. Galibi akan biya bisa yawan masu aiki a ofis. A yi lissafi tukuna.

Duk kyawun rariya, wani tsakin yakan zurare. Mu da muka koyi karatu, mu karanta a hankali. Banki ba ya tambayar lambar asiri ta wasiƙa. Kada mu ba kowa.